Tofa: Rawar ƙaramar hukuma a noma, masana'antu da kiwon lafiya

Ƙaramar hukumar Tofa na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, a arewacin Nijeriya. Tana yamma da birnin Kano, kuma tana maƙwabtaka da Dawakin Tofa da Rimin Gado da Ungogo.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa akwai mutane 97,734 a yankin, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 202 ba. Ke nan a wancan lokaci mutane kusan 480 ne ke zaune a kan kowane murabba'in kilomita guda, kuma akasarinsu da noma suka dogara.

Tsarin mulkin Nijeriya ya ɗora wa ƙananan hukumomi irin su Tofa wani kaso na alhakin bunƙasa noma da kula da lafiyar jama'a da kuma tafiyar da kasuwanni. To sai dai an daɗe ana muhawara a kan ko suna da kuɗi da ikon da za su sauke wannan nauyi, musamman ganin cewa akasarin shawarwarin da suka shafe su a gidan gwamnatin jiha ake yanke su.

Muhawarar ta ƙara zafi ne bayan hukuncin da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a shekarar 2024, game da 'yancin ƙananan hukumomi na sarrafa kuɗaɗensu.

Asalin ƙaramar hukumar

Kafin samun 'yancin kai da kuma 'yan shekarun da suka biyo baya, hukumar En'e ta Kano ce ke tafiyar da mulkin karkara, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Ita ce ke karɓar haraji da jangali, kuma ita ce ke ɗaukar malaman gona da duba-gari da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi.

A shekarar 1976 ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa tsarin garambawul, inda ta kafa ƙananan hukumomi masu fasali iri ɗaya a duk faɗin ƙasar, tare da ba su kaso daga asusun tarayya.

A lokacin, Tofa na ƙarƙashin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ne. A majalisar wannan ƙaramar hukuma ce marigayi Alhaji Bashir Othman Tofa ya fara siyasa a matsayin kansila a 1976, kafin daga bisani ya tsaya takarar shugabancin ƙasa a jam'iyyar NRC, a zaɓen 12 ga watan Yunin 1993 da aka soke.

Daga baya Tofa ta samu ƙaramar hukumarta, kuma a 1996, a zamanin Janar Sani Abacha, adadin ƙananan hukumomin ƙasar ya kai 774, na jihar Kano kuma ya kai 44.

Tana da mazaɓu 15, waɗanda suka haɗa da Tofa da Doka da Lambu da Langel da Janguza da Yanoko da Wangara. A majalisar wakilai ta tarayya kuwa, kujera ɗaya take rabawa da Dawakin Tofa da Rimin Gado.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu kuma ya zayyana ayyukansu.

Daga cikin ayyukan akwai ginawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayankar dabbobi, da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da kuma rajistar haihuwa da mutuwa da aure.

Akwai kuma fannoni uku da aka ce ƙaramar hukuma za ta sa hannu a cikinsu tare da gwamnatin jiha: ilimin firamare da na manya da na koyon sana'a, da bunƙasa aikin gona da albarkatun ƙasa in ban da haƙar ma'adinai, sai kuma samar da ayyukan kiwon lafiya.

Jadawalin dai bai ambaci masana'antu a matsayin wani aiki na ƙaramar hukuma ba. Abin da ya ba ta shi ne damar nazarin tsare-tsaren tattalin arzikin da suka shafi yankinta, da miƙa shawara ga hukumar tsare-tsare ta jiha.

Kalmar "sa hannu" ita ce tushen matsalar, a cewar masana shari'a da dama, domin tsarin mulkin bai fayyace inda aikin jiha ya tsaya, na ƙaramar hukuma ya fara ba. Majalisar dokokin jiha ce ke da ikon tsara hakan.

Daga ina kuɗi ke zuwa?

Bisa tsarin rabon arzikin ƙasa, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na kuɗin da ke asusun tarayya, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Suna kuma samun kashi 35 cikin ɗari na harajin kayan masarufi na VAT.

Kuɗin shiga da ƙaramar hukuma ta karkara ke tarawa da kanta ba su taka kara sun karya ba. A jihar Kano, tun a 1979 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, matakin da talakawa suka yi maraba da shi. Abin da ya rage shi ne kuɗin rumfunan kasuwa da na tasha da na lasisin ƙananan sana'o'i.

Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, wanda ta cikinsa ne kason ƙananan hukumomi ke bi. Daga nan ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, da kuɗin fansho, da kason masarauta, da kuma gudummawar ayyukan haɗin gwiwa, kafin abin da ya saura ya isa sakatariyar ƙaramar hukuma.

Masu sukar tsarin na cewa ya mayar da shugabannin ƙananan hukumomi 'yan amshin shata, waɗanda ko rijiyar burtsatse za su haƙa sai sun nemi amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. Gwamnoni kuma na kare shi da cewa akwai ƙananan hukumomin da ba za su iya biyan albashi ba idan ba a haɗa kuɗin wuri guda ba.

A shekarar 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idojin da suka taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa Naira dubu 500 a rana, amma gwamnoni suka ƙalubalanci matakin a kotu.

A ranar 11 ga watan Yulin 2024 ne Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa tsarin mulki.

Jihar Kano ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a ranar 26 ga watan Oktoban 2024, inda jam'iyyar NNPP ta lashe dukkan kujeru 44. Sai dai fiye da shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta ƙasa, NULGE, ta ci gaba da kokawa cewa ba a fara aiwatar da shi yadda ya kamata ba.

Noma a ƙasa mai cunkoso

Tofa na cikin yankin da masana ke kira karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wato ƙauyukan da suka kewaye birnin. Masanin nan ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya fara nazarin yankin tun a shekarun 1960, kuma bincikensa ya ja hankalin masana aikin gona a ƙasashe da dama.

Abin da ya gano shi ne, manoman yankin na noma kusan kowace gona a kowace shekara ba tare da barinta ta huta ba, amma duk da haka ƙasar ba ta mutu ba.

Sirrin shi ne haɗa noma da kiwo. Ana ɗaure awaki da tumaki a gida da damina, a ciyar da su da harawa da karmami, sannan a kwashe takinsu zuwa gona da rani. A da, jakuna kan kai itace birni, su dawo da takin bola.

Ana shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ta yadda idan ɗaya ya gaza wani zai rufa asiri. Ana kuma barin itatuwa irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gonaki. Gawo kan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya hana shuka samun rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Gyaɗa ce ta kasance hanyar samun kuɗin manomin Kano tun bayan isowar jirgin ƙasa birnin a 1911. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ne suka kawo ƙarshen zamanin dalar gyaɗa.

A yau matsalolin manomin yankin sun haɗa da ƙanƙancewar gonaki sakamakon rabon gado daga wannan zuriya zuwa waccan, da tsadar takin zamani, da ciyawar wuta-wuta mai shanye dawa da gero, da kuma damina mai gajeren zango, wadda ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba. Da rani matasa da dama kan tafi ci-rani, ko su riƙa shiga birni kullum domin neman na cefane.

Wa ke taimaka wa manomi?

Kowace ƙaramar hukuma a jihar tana da sashen aikin gona. Amma manyan shirye-shiryen da suka taɓa rayuwar manoma a shekaru 40 da suka wuce daga sama suka fito.

A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, tare da kamfanin KASCO mai samar da taki da sauran kayan noma. Malaman gona na KNARDA ne suka riƙa shiga ƙauyuka a kan babura. Da tallafin bankin ya ƙare, aikin ya yi rauni.

Shirin Fadama, wanda aka fara a farkon shekarun 1990, ya yaɗa amfani da ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin tuƙa-tuƙa a fadamu. A zagayensa na uku an buƙaci ƙananan hukumomi su ba da nasu kason kuɗi, su kuma buɗe ofishin da ƙungiyoyin manoma za su riƙa tuntuɓa.

A 2012 gwamnatin tarayya ta ɓullo da rabon taki mai rangwame ta hanyar saƙon wayar salula, da nufin kauce wa 'yan siyasa da dillalai da ke karkatar da shi. A 2015 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fara ba manoma bashi a ƙarƙashin shirin Anchor Borrowers, wanda ya fuskanci matsalar rashin biyan bashi.

Daga baya kuma aka ɓullo da shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, KSADP, na kimanin dala miliyan 95, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ɗauki nauyin akasarinsa. Daga cikin ayyukansa akwai gyaran magudanan noman rani na madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, da kuma rigakafin cututtukan dabbobi.

A duk waɗannan, rawar ƙaramar hukuma ba ta wuce tattara sunayen manoma da raba kaya ba, kuma a nan ne ake yawan jin ƙorafin cewa taki kan iso a makare, ko kuma ya ƙare a hannun 'yan jam'iyya.

Masana aikin gona na ganin cewa akwai ayyuka marasa tsada da ƙaramar hukuma za ta iya yi da kanta. Akwai gyaran hanyoyin burji da kwalbatoci domin fitar da amfanin gona da damina. Akwai ɗaukar malaman gona da ba su abin hawa. Akwai kuma gina rumbunan ajiya, domin manomi ya daina sayar da hatsinsa da kaka a farashi mai rahusa, ya dawo ya saya da tsada da bazara.

Tofa na da wata dama da ƙananan hukumomi da yawa ba su da ita. Sabon matsugunin Jami'ar Bayero, inda cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa take, yana kan hanyar Gwarzo ne, kusa da Janguza. Cibiyoyin bincike na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, su ma suna da rassa a Kano, kuma sun samar da irin wake da dawa da gyaɗa masu nuna da wuri.

Akwai kuma buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba magani ba. Isar da irin waɗannan dabaru ga manomin ƙauye aiki ne na malamin gona.

Birni na cin gonaki

Batun da ya fi kowanne tasiri ga makomar noma a Tofa shi ne na filaye. Birnin Kano na faɗaɗa ta yamma, kuma a yankunan da ke kusa da hanyar Gwarzo, irin su Janguza da Langel, gonaki da dama sun koma fulotai.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna. Amma ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba, har zuwa hekta 500 domin noma, da hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna.

Dokar ta kuma ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, kuma da zarar ya yi haka ikon ƙaramar hukuma a kan filayen ya ƙare.

Idan hukuma ta karɓi gona domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ban da ita kanta ƙasar. Wannan na daga cikin dalilan da kan sa manomi ya gwammace ya sayar wa dillali tun kafin hukuma ta iso.

Manomin da ya sayar da gonarsa kan samu kuɗi masu kauri a lokaci guda, wasu su gina gida, wasu su sauke farali, wasu su sayi babur mai ƙafa uku. Amma bayan 'yan shekaru iyalin kan wayi gari ba gona, ba kuma sana'ar da za ta maye gurbinta.

Masu nazarin tsara birane na cewa ƙaramar hukumar da ke bakin birni na buƙatar taswirar da za ta ware inda za a yi gidaje, da inda za a bar wa noma, da burtalin dabbobi, da filayen makarantu da asibitoci da maƙabartu, tun kafin gine-gine su cinye su.

Masana'antu

Kano ce cibiyar masana'antu mafi girma a arewacin Nijeriya. A shekarun 1970 da farkon 1980, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa na ɗauke da ɗaruruwan kamfanoni na saƙa da jima da matsar man gyaɗa da robobi da kayan zaƙi, waɗanda suka ɗauki ma'aikata daga ƙauyukan da ke kewaye.

Da yawa daga cikinsu sun rufe. Dalilan sun haɗa da faɗuwar darajar Naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wutar lantarki, da tsadar man dizal, da kuma kwararowar atamfofi da yadudduka masu araha daga ƙasar Sin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da ƙaramar hukuma ke da maganinsa. Manyan ayyukan da ake sa ran za su farfaɗo da masana'antun jihar na gwamnatin tarayya ne ko na jiha: bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023.

A 2023 ne kuma aka sa hannu kan dokar da ta ba jihohi damar samar da wutar lantarki da rarraba ta a cikin iyakokinsu.

An taɓa gwada kai masana'antu karkara. A wa'adin mulkinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya ɓullo da shirin kafa cibiyoyin ɗinki a ƙananan hukumomin jihar, da kuma shimfiɗa titi mai tsawon kilomita biyar a hedikwatocinsu. Da yawa daga cikin ayyukan sun tsaya bayan sauyin gwamnati, kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta hau mulki a 2023 ta yi alƙawarin kammala su.

Abin da ake da shi a ƙauyukan yankin a zahiri shi ne ƙananan sana'o'i: injinan niƙa da na sussuka, da matan da ke matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli da daddawa a cikin gida, da maƙera da masu walda da kafintoci da teloli da masu buga bulo.

Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Daga nan ake fitar da riɗi da zoɓo da citta da wake zuwa ƙasashen waje, kuma wuraren tsaftace su da ɗura su a buhu na ɗaukar ma'aikata da yawa, ciki har da mata.

Kusanci da wannan kasuwa da kuma birnin Kano na nufin cewa masana'antar da ta fi dacewa da Tofa ita ce ta sarrafa amfanin gona. Gudummawar da ƙaramar hukuma za ta iya bayarwa ita ce ware fili, da gyara hanya, da yi wa ƙungiyoyin gama kai rajista domin su samu bashi, da kuma rage yawan kuɗaɗen da jami'anta ke karɓa daga masu ƙananan sana'o'i.

Kiwon lafiya

Tsarin kiwon lafiya a Nijeriya hawa uku ne. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na gwamnatin tarayya ne. Manyan asibitoci, irin na Murtala Muhammad, na jiha ne. Matakin farko kuma, wato ƙananan asibitocin ƙauye, an ɗora shi ne a kan ƙananan hukumomi.

Wannan tsari ya samo asali ne daga taron Alma-Ata na 1978, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ya kafa shi a Nijeriya lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara ne da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji.

Sakamakon haka shi ne, matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi ne aka bar wa ɗawainiyar matakin lafiyar da ya fi shafar talaka.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mata 512 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa dubu 100 a Nijeriya. Yara 132 cikin kowane dubu ɗaya ne kuma ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, adadin da ya kai 187 a shiyyar arewa maso yamma.

Zubar jini da jijjiga na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, yayin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari da tamowa ke kashe yara. Akasarin waɗannan, asibitin mazaɓa mai ungozoma da magani da wutar dare zai iya magance su, ko ya tura mara lafiya gaba a kan lokaci.

Domin gyara tsarin, a 2011 aka amince da manufar haɗa kiwon lafiya matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma a 2012 jihar Kano ta kafa hukumar kula da shi. Tun daga nan ɗaukar ma'aikata da sauya musu wurin aiki ya koma hannun hukumar ta jiha, duk da cewa daga kason ƙananan hukumomi ake biyan akasarin albashinsu.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga wani asusu na musamman, da burin samar da asibiti ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓa. A Tofa, hakan na nufin asibitoci 15.

Jihar Kano ta kuma kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, da asusun tallafa wa lafiya na KHETFUND, wanda doka ta ce a riƙa zuba masa kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar jiha, da kashi ɗaya cikin ɗari na kason ƙananan hukumomi.

Batun sayen magunguna ya jawo ce-ce-ku-ce a watan Agustan 2024, lokacin da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta fara binciken wata kwangilar samar da magunguna ga ƙananan hukumomi 44. Gwamnan jihar ya ce ba da saninsa aka bayar da ita ba, kuma ya ba da umarnin a bincika.

Darasin shan inna

Yaƙi da cutar shan inna ya nuna abin da ake iya cim ma a matakin ƙaramar hukuma. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin saboda zargin da ake yi wa maganin, ba a kuma ci gaba ba sai a watan Yulin 2004, bayan cutar ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe.

Daga baya aka ɗora wa shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwanni alhakin tabbatar da cewa an shiga kowane gida, kuma aka riƙa bibiyar kowace mazaɓa da alƙaluma. A watan Yulin 2014 aka ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a jihar Kano, a watan Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita.

Amma ɓarkewar cutar mashaƙo daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, wadda ta fi ƙamari a jihar Kano, ta nuna cewa rigakafin yau da kullum da ake yi wa jarirai a asibitocin unguwa bai samu irin wannan kulawa ba.

Abubuwan da za a sa wa ido

Fannonin uku a haɗe suke. Damina ce lokacin da zazzaɓi ya fi kwantar da mutane, kuma ita ce lokacin da rumbu ke ƙarewa, gona ke buƙatar hannu. Magidancin da rashin lafiya ta kama kan sayar da akuya ko hatsi, wani lokaci ma ya jinginar da gona. Injin matsar mai ko na casa kuwa ba zai yi aiki ba sai manomi ya samu rarar da zai sayar.

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya sun ƙaru sosai a lissafin Naira. Amma farashin taki da magani da siminti shi ma ya tashi, sannan mafi ƙarancin albashi ya koma Naira dubu 70 a 2024, jihar Kano kuma ta amince da dubu 71.

Masu goyon bayan 'yancin ƙananan hukumomi na cewa idan kuɗi suka iso kai tsaye, mutumin Doka ko na Lambu zai san wanda zai tuhuma idan babu magani a asibitin garinsu. Masu ɗari-ɗari kuma na tuna shekarun da malaman firamare suka yi watanni ba albashi a lokacin da biyansu ke hannun ƙananan hukumomi, suna masu cewa sauya hannun da ke riƙe da kuɗi kaɗai ba zai hana almubazzaranci ba.

Ɓangarorin biyu dai sun yarda a kan wasu sharuɗɗa: a riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shigo da abin da aka kashe a kowane wata, kansiloli su riƙa tattauna kasafin kuɗi a zahiri, a kuma gudanar da zaɓen da jam'iyyar da ke mulkin jiha ba ita ke lashe kowace kujera ba.

Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma gwamnoni ne ke naɗa shugabanninsu. Shawarar mayar da wannan aiki hannun hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ko wata sabuwar hukuma mai zaman kanta, na cikin batutuwan da aka sha gabatarwa a gaban majalisar dokokin tarayya a ƙoƙarin gyaran tsarin mulki.